A Mayar Mata da Kwanon

Aling Doray mai wainar shinkafa ce ta tare ni a ƙofar coci, muna fitowa daga ibadar safe saura kwana shida Kirsimeti, ta ce wai Mang Teroy ya koma cikin fim ɗinsa.

"Tun jiya ba ya faɗin komai sai maganar nan tasa," in ji ta, tana gyara garwashin da ke kan murfin kasko. "Kin san mai shirin tafiya, ranar da ya fi jin daɗinta a duniya yake komawa. Haka kakata ta yi."

"Kakar taki ce ta ce miki daɗi take ji?"

"Ke dai Malama Sioning, ba a taɓa gaya miki magana ki ce to."

Gaskiyarta. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da aji huɗu, kuma abin da aikin ya bar min shi ne kunne. Ina iya bambance yaron da ke karanto hadda da yaron da ke roƙon a bar shi ya fita fitsari, ko da kalmominsu sun yi kama. Na sayi waina biyu, na ce bari in je in ji da kaina.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Sotero Dimaculangan, wanda duk garin ke kira Mang Teroy. Mai aski ne, shagonsa na manne da gidan, yana kallon hanyar tafki. A watan jiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya yi mako uku a asibiti, likita ya sallamo shi ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da yake so. Kowa ya fahimci abin da ake nufi.

Fim ɗin kuwa ba sai na gabatar da shi ga ɗan ƙasar nan ba, tunda duk Disamba ake saka shi a talabijin. A harabar cocinmu aka ɗauki wurin wasan haihuwar Yesu, shekara sittin da ɗaya ke nan, da yaran garin. Ni ma ina ciki, mala'ika ta huɗu daga hagu, kafaɗata kawai ake gani da rabin fiffike. Teroy yana ɗan shekara bakwai, shi ne sarki na uku. Na farko ya ajiye zinariya a gaban komin dabbobin, na biyu ya ajiye turare, shi kuma abin da aka koya masa bai wuce kalma uku ba: "Na kawo mur," wato man ƙamshi. Ya durƙusa da kambin kwali ya rufe masa ido ɗaya, ya leƙa cikin abin da ke hannunsa, ya ce, "Na kawo ƙwai. Yayata ta ce a mayar da kwanon."

Amparing, 'yar Donya Remedios ta babban gidan da ke bakin dandali, ita ce Maryamu. Ta sunkuyo ta duba, ta ce, "Kai, ai wannan kwanon gidanmu ne." Yaron da ke Yusufu ya zungure ta da sanda, ya ce, "Ki karɓa mana, daga nesa ya zo." Babu ko ɗaya cikin maganganun nan a takarda. Daraktan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya hana a yanke wurin. Tun daga lokacin, ko a Manila aka miƙa wa maƙwabci abinci sai wani ya ce yayata ta ce a mayar da kwanon. Teroy ya yi shekara arba'in da wani abu yana aski, kuma ban jin an yi rana guda da wani bai sa shi ya faɗa ba kafin ya biya.

Na tarar da ɗakin cike. An kawo gadonsa falo kusa da taga, mutum bakwai ko takwas sun kewaye shi, uku sun ɗaga waya. 'Yarsa Precy, wadda na koyar a aji huɗu, tana zaune a gefen katifa tana goge masa baki.

"Tatay, ga Kansila ya zo gaishe ka, bai ji ba. Sake faɗa masa."

"Ranka ya daɗe sarki na uku," in ji kansilan. "Me ka kawo mana bana?"

Teroy ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar ta fito. "A mayar... mata... da kwanon."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ruwa ya gangaro daga idonsa na hagu zuwa kunne, wata ta ce ku duba, shi ma dariyar yake yi. Kansilan ya ce majalisa ta yanke za a rataye hotonsa a zauren gari. Na ajiye wainar a kan tebur na fita.

A gida na nemo wurin a wayata na saurara sau uku, ko da yake na hardace shi fiye da addu'ar cin abinci. "Yayata ta ce a mayar da kwanon." Babu "mata" a ciki. Mutumin da ya maimaita jimla ɗaya sau dubbai ba ya ƙara mata kalma don harshensa ya yi nauyi. Mai nauyin harshe ragewa yake yi. Wannan kalmar wahala ya sha kafin ya fitar da ita, na ga yadda jijiyoyin wuyansa suka tashi lokacin.

Sai na zauna ina tunanin yayar. Iluminada, Luming, sa'ata ce, benci ɗaya muka zauna har aji biyar, aka cire ta aka kai ta aiki gidan Donya Remedios. Tana shekara sha huɗu lokacin fim ɗin. Sarakuna biyun 'ya'yan masu hali ne, sun zo da akwatuna masu ƙyalli, ƙaninta kuwa ba shi da abin riƙewa. Ta buɗe kabad ɗin Donya ta ɗauko kwano ɗaya cikin sha biyu na tangaran masu shuɗin baki, ta sa ƙwan agwagwa mai gishiri guda huɗu, ta damƙa masa. Washegari kwanon bai koma ba. Donya ta sa aka kira yaron a gaban iyayensa, ya ce daraktan ya ba shi, shi kuma ya ba yayarsa. Luming ba ta ce uffan ba. Aka kore ta ranar, garin ya yanke cewa ta sayar wa masu fim. Babu gidan da ya sake ɗaukarta. Ta tafi Manila wanki, daga baya ta yi aure a Sariaya, ba ta zuwa garin nan sai jana'iza. Har yau in cokali ya ɓace a gidan biki, tsofaffi kan ce ko Luming ta zo. Ni ma na taɓa faɗa, fiye da sau ɗaya.

Na koma da tsakar rana, lokacin da masu gaisuwa suka tafi cin abinci. Na ja kujera dab da kunnensa na hagu.

"Teroy, Sioning ce. Ba wasa na zo yi ba. Wa za a mayar wa?"

Idonsa ya tsaya a kaina. "Ate," ya ce. Haka muke kiran yaya mace.

"Ate Luming?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

"Kwanon yana nan?"

"Malama, don Allah kar ki wahalar da shi," in ji Precy daga ƙofar kicin. "Maganar fim ce kawai."

Hannunsa mai lafiya ya tashi daga kan bargo, ya nuna bangon da ke tsakanin falon da shago, ya ƙara ɗagawa sama. "Madubi," ya ce.

Shagon yana rufe tun ranar da ya faɗi, gashin mutumin ƙarshe na nan a ƙasa ba a share ba. Precy ta taka kujerar aski tana mita, ni ina riƙe da ita kada ta juya. A saman madubin akwai katako ɗaya da ba a kafe da ƙusa ba. Ta zura hannu ta jawo gwangwanin biskit mai tsatsa. A ciki, an naɗe shi da wani jan ƙyalle, ga kwanon. Bakinsa ya ɓalle a gefe ɗaya, kamar faɗin babban yatsa. Guntun da ya ɓalle yana ƙasan gwangwanin, a ninke cikin takardar littafin makaranta.

Precy ta sauko ta zauna a kujerar. Ta daɗe tana juya shi.

"Ai Tiya Luming ta sayar da shi," ta ce a hankali.

"Haka muka ce."

"Malama, in aka ji wannan... hotonsa za a rataye. Jikokinsa a makaranta ana nuna su. Mu mayar da shi inda yake, ya tafi da mutuncinsa. Wa zai amfana yanzu?"

"Prescila, kwana biyu ubanki yana roƙonku abu ɗaya kuna ɗaukarsa a waya."

Ban kira ta da cikakken sunanta ba tun tana shekara goma. Ta goge fuska da bayan hannu, ta ciro wayarta, ta kira Luming, ta buɗe murya yadda zan ji.

Muryar Luming ba ta canza ba, a bushe take. Ta saurara har Precy ta gama.

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Tiya, bakin ya shanye. Kalma ɗaya-ɗaya yake iyawa."

"To zan zo in ji da abin da ya rage."

Ta iso washegari wajen sha ɗaya, ta sauko daga babur mai gefe da silifas ɗin kasuwa da jakar leda. Busasshen kifi take sayarwa, warinsa na jikin rigarta. Ta tarar da mata biyu a bakin gado, ta ce musu, "Kun gaisa? To sai anjima." Suka fita suna waiwaye. Ta dube ni.

"Sioning. Kin tsufa."

"Ke ma ba a bar ki a baya ba."

"Zauna. Ke ce mai karatu, ki ji da kyau."

Precy ta ɗora kwanon a kan bargo, kusa da hannunsa. Luming ba ta taɓa shi ba. Ta tsaya a ƙafar gado, ta harɗe hannu.

"To, sarki. Ga ni."

Ya ɗauki lokaci. Precy ta so ta taya shi, Luming ta ɗaga mata yatsa.

"Na faɗi," ya ce. "Gada. Ya... fashe."

"Na sani."

Dukanmu muka dube ta.

"Wa ya wanke maka gwiwar da yamman nan? Ka shigo da jini har idon sawu, ba kambi, ba kwano, ka ce kare ne ya bi ka. Ka ɗauka ni sakarya ce?"

"Kin sani," na ce, "kika tsaya gaban Donya kika yi shiru?"

"Kin manta Tatay ɗinmu da bel ɗinsa? A kan kofin roba ya taɓa karya min yatsa. Wannan kuwa tangaran ɗin Donya, yaro ɗan shekara bakwai, ƙafafu kamar tsinke." Ta ɗaga kafaɗa. "Kuma ni na ɗauko ba da izini ba, wannan nawa ne. Na ce in ya girma zai faɗa. Sai ya yi ta girma."

Teroy yana kuka yanzu, babu mai cewa dariya ce. "Ate," ya ce. "Ate."

"Na ji. Bar ɓata numfashi." Ta zagayo gefen hagunsa. "Ka ce wa Donya ka ba ni. Ka ce wa Nanay, uwarmu, ka ba ni. To ba ni."

Precy ta kai hannu za ta ɗauka.

"Ba ke ba. Shi."

Ya lalubi bakin kwanon da yatsu, ya kama, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga kan bargon. Na zaci kwanon zai sake faɗuwa. Luming ta bari sai da ya miƙo shi sosai, sannan ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Yauwa," ta ce. "Ka makara, amma ka kawo."

Ta wuce kicin ta wanke shi da sabulu sau biyu, ta goge. Ta aiki Precy shagon kusurwa ta sayo ƙwai mai gishiri huɗu, don ba a mayar da kwanon mutane wayam. Guntun da ya ɓalle ta sa a aljihun riga. Ta ce in taso in raka ta.

Muka bi ta bakin kasuwa a ƙafa, da rana tsaka, kwanon a buɗe a hannunta. Na ce mu hau babur, ta ce a'a. Masu shaguna suka bi mu da kallo. Da muka isa babban gidan na ga ƙafarta ta karkata wajen lungun da ke zuwa ƙofar baya, sai ta tsaya, ta dawo, ta hau matakalar gaba.

Amparing tana baranda a keken guragu, ƙafafunta sun kumbura, an rufa musu tawul. Donya Remedios ta rasu shekara talatin da suka wuce, ita kaɗai ta rage a gidan da mai kula da ita.

"Sioning, wace ce wannan kika kawo min?"

"Iluminada ce," in ji Luming. "Kwanon gidanku ne."

Amparing ta fara dariya, ta ɗauka maganar fim ake ja mata, don ita ma ba a bar ta ta huta da tata jimlar ba. Sai ta ga shuɗin bakin. Ta sa tabarau, ta karɓa, ta kifa shi kaɗan ta duba tambarin ƙasa, ƙwai ɗaya ya kusa gangarowa.

"A ina ya fito?"

"Wurin Teroy. Ya faɗi da shi a gada ranar, ya ji tsoro ya ɓoye. Ga guntun."

Amparing ta dube ni, na gyaɗa kai.

"Mama har ta rasu tana cewa..."

"Na san abin da take cewa."

Wani kare ya ratsa dandali.

"Kin san sauran sha ɗayan babu ko ɗaya?" in ji Amparing. "Ambaliyar da aka yi shekarar da na haifi na biyu, kabad ɗin ya kife. Tsintsiya muka sa." Ta miƙo shi. "Luming, ki riƙe shi. Ya fi dacewa da ke."

"A'a. Sai a ce na sake ɗauka."

"To ki zauna ki sha wani abu."

"Ƙanina ba shi da lafiya."

Muna saukowa matakala Amparing ta kira ta, ta ce, "Ni na ce na gidanmu ne. A gaban kyamara."

"Ai na gidanku ne," in ji Luming, ba ta juya ba.

Da muka koma idonsa na kan ƙofa. Ta zauna a bakin gado, ta cire silifas.

"Na kai. Ta karɓa. Da ƙwai a ciki."

Bai sake faɗin jimlar ba. Masu gaisuwar yamma sun yi ta zolayarsa, ranka ya daɗe me ka kawo, ya yi musu shiru, suka ce jikin ya yi tsanani. Luming ta kwana a gidan. Da safe ta ce ba za ta bar mai aski ya tafi da gemun mako huɗu ba. Ta sa Precy ta ɗauko reza da burushi daga shago, ta haɗa kumfa a kofi, ta yi masa aski tana faɗa masa ya daina motsi, ko da yake ba ya motsin. Ta gama kuncin hagu, tana tsakiyar na dama, sai ta dakata, ta kara bayan hannunta a hancinsa. Wajen ƙarfe goma ne. Ta ƙarasa askin, ta goge masa fuska da tawul mai ɗumi, sannan ta kira Precy.

An binne shi kashegarin Kirsimeti. A coci, bayan limamin cocin ya gama, kansilan ya yi magana, ya ce Mang Teroy ya bar duniya da maganar da ta sa ƙasa dariya a bakinsa. Mutane suka yi murmushi. Daga nan aka ce tsohuwar malama, maƙwabciyarsa, ta ce wani abu. Na dubi Precy a benci na gaba. Ta dubi gwaggonta da ke gefenta, ta juyo, ta gyaɗa min kai.

Na tashi, ban hau mumbari ba, na tsaya kusa da akwatin.

"Sotero Dimaculangan maƙwabcina ne shekara arba'in da ɗaya," na ce. "Abin da yake faɗa a kwanakinsa na ƙarshe ba maganar fim ba ce. Yana shekara bakwai ya faɗi da kwanon Donya Remedios a bakin gada, bakin ya ɓalle, ya ɓoye shi, ya ce ya ba yayarsa. Bai ba ta ba sai ranar ashirin ga watan nan. Iluminada ba ta sayar da kwanon ba. Ta mayar da shi a ranar da ya shiga hannunta."